Hoto ɗaya, kwafi bakwai: wace hanya ta fi dacewa wajen zaƙulo hotuna masu maimaici?

Kawuna ya haura shekara 20 yana sana'ar ɗaukar hoto a Jos. Shagonsa na kusa da kasuwar Terminus, kuma bukukuwa da sunaye da walimar saukar Alƙur'ani na mutanen Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da yawa sun bi ta cikin kyamararsa. A durowar teburinsa akwai faifan ajiya guda 6, kowanne an manna masa farin salatif an rubuta shekara da biro. Rannan wata Hajiya ta zo neman hoton mahaifinta, Allah ya jiƙansa, wanda aka ɗauka ranar ɗaurin aurenta. Muka shafe awa biyu muna buɗe folda muna rufewa. Da muka same shi, ashe ba ɗaya ba ne, guda 7 ne: na asali daga kyamara, biyu a foldoji masu suna "Sabo" da "Sabo 2", ɗaya da aka tura ta WhatsApp ya dawo, ɗaya da aka ƙara wa haske, ɗaya da aka datse aka saka a kalanda, sai wani da aka ɗauka daƙiƙa guda bayan na farko, tsohon ya ɗan juyar da kai.

Bayan ta tafi Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ba ku ne 'yan kwamfuta ba? Share min masu maimaicin nan kafin in sake zuba kuɗi a wani faifan."

Na ce, "Kawu, wane irin maimaici kuke nufi? Cikin bakwai ɗin nan, wanne za a bari?"

Shiru ya yi. Kuma amsar wannan tambayar ita ce ke zaɓa wa mutum hanyar da zai bi, domin abin da muke kira kwafi iri uku ne, kowanne da maganinsa. Akwai tagwaye na haƙiƙa, fayil biyu da ba su bambanta ko da ɗigo ɗaya ba. Akwai hoto guda da ya sauya riga, an rage girmansa ko an matse shi ko an taɓa launinsa. Akwai kuma 'yan uwan juna, hotuna daban-daban da aka ɗauka a jere a wuri guda. Wanda ya ɗauko kayan aikin iri na farko ya nufi na uku zai dawo hannu rabbana, wanda kuma ya yi akasin haka zai share abin da zai yi kuka a kansa.

Kafin komai, a cire batun dogaro da sunan fayil. Kyamarar Canon tana raɗa wa hotuna suna daga IMG_0001, ta Nikon daga DSC_0001, kuma in sun kai 9999 sai su koma farko. A faifan Kawu mun ga IMG_0412 har kashi da yawa, wani na ango, wani na ragon suna. WhatsApp kuwa sabon suna take bai wa hoto, mai ɗauke da ranar da aka karɓe shi da harufan WA. Suna ba shaida ba ne.

Dangwalen fayil

Hanya ta farko ita ce kwamfuta ta karanta fayil daga farko zuwa ƙarshe, ta fitar masa da wata gajeriyar lamba wadda take tamkar dangwalen yatsa. Fitattun hanyoyin lissafin su ne MD5, wadda Ronald Rivest ya tsara a farkon shekarun 1990, mai fitar da harufa da lambobi 32, da SHA-256 mai fitar da 64, sai BLAKE3 da ta fito a 2020 wadda aka san ta da sauri. In dangwale biyu suka zo ɗaya, to fayil ɗaya ne, ko da wani yana faifan 2014 da suna daban, wani yana faifan 2022. Za ka ji ana cewa an karya MD5. Gaskiya ne, a 2004 wasu masu bincike daga ƙasar Sin ƙarƙashin Wang Xiaoyun sun nuna ana iya ƙera fayil biyu da gangan su yi dangwale ɗaya. Amma wannan damuwar masu tsaron bayanai ce, ba ta mai hoton biki ba.

Abin da ya sa nake son wannan hanya shi ne ba ta yi maka ƙarya. Duk abin da ta ce tagwaye ne, tagwaye ne, ba sai ka zauna kana duba su da ido ba. Tana kuma da wayo wajen rage aiki: manhajojin kirki sukan fara da duba nauyin fayil, domin fayil biyu masu nauyi daban ba za su taɓa zama ɗaya ba. Waɗanda nauyinsu ya zo daidai ne kaɗai ake karantawa.

Rauninta kuwa a fili yake. Makauniya ce, ba ta san abin da ke cikin hoto ba. Ka juya hoto ka adana, ko ka saka masa tauraro a manhajar da ke rubuta hakan cikin fayil, ko ka gyara kwanan wata, dangwalen ya sauya gaba ɗaya alhali idonka bai ga bambancin komai ba. Cikin hotuna 7 na mahaifin Hajiya, uku kaɗai ta haɗa.

Dangwalen kama

Wannan ita ce hanya ta biyu. Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata yawancin mutane su fi mai da hankali. Dabarar ita ce a ƙanƙantar da hoto ƙwarai, a cire masa launi, a bar inuwarsa kawai, irin yadda za ka hango mutum daga nesa a cikin hazon hunturun Jos ka gane shi ta tsayi da tafiya ba tare da ka ga fuskarsa ba.

Dabarar iri-iri ce. Mafi sauƙinsu ana kiranta aHash. Ana mai da hoto ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance, jimilla 64. Sai a fitar da matsakaicin haskensu. Ɗigon da ya fi matsakaici haske a ba shi 1, wanda bai kai ba a ba shi 0. Shi ke nan, hoton ya zama jerin sifili da ɗaya guda 64. Ta biyu, dHash, tana mai da hoton ɗigo 9 a kwance da 8 a tsaye, tana tambayar kowane ɗigo ko ya fi maƙwabcinsa haske. Tambaya 8 a kowane layi, layi 8, an sake samun 64. Da yake tana kallon yadda haske ke hawa da sauka ne, ƙarin haske a kan hoton gaba ɗaya bai cika rikita ta ba. Ta uku, pHash, ta fi su zurfi: tana rage hoton zuwa 32 sau 32, ta bi da shi ta irin lissafin nan da ake matse hotunan JPEG da shi, ta ɗauki ƙashin bayan hoton ta watsar da ƙananan ado. Ta ɗan fi nauyi, amma ta fi jure wa matsi da sauyin launi.

Kwatanta hoto biyu sai ya zama ƙirga wurare nawa jerin nasu ya saɓa cikin 64. Wannan ƙirgen ana danganta shi da Richard Hamming, wanda ya yi bayaninsa a 1950. Masu harkar sukan ce in saɓanin bai wuce 5 ba to kusan tabbas hoto ɗaya ne, in ya haura 10 to mai yiwuwa daban ne. Tsakanin 5 da 10 nan ne ake jayayya. Manyan kamfanoni ma irin wannan suke amfani da shi a nasu ma'aunin: Microsoft ta fito da PhotoDNA a 2009 tare da Farfesa Hany Farid don kama haramtattun hotunan yara, Facebook kuma ta saki PDQ ga jama'a a 2019, mai jeri 256 maimakon 64.

Wannan hanyar ce ke kama ɓarnar WhatsApp. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ba a matsayin takarda ba, ana rage girmansa, a matse shi, a goge bayanan kyamara da ke cikinsa. Fayil ya zama wani daban, amma inuwarsa tana nan. Ta kama wannan, ta kama wanda aka ƙara wa haske. Biyar ke nan cikin 7.

To amma kama da wane ba wane ba ne, kuma na ga haka da idona. Daren farko na sassauta ma'aunin don in kama da yawa, na tafi na bar kwamfutar tana aiki. Da safe na tarar ta tara hotunan fasfo na ɗaliban wata makaranta a rukuni ɗaya, wai duk mutum guda ne. Ba laifinta ba ne. Farin bango, farin hijabi, fuska a tsakiya: in ka mai da wannan ɗigo 64, ina bambancin wata da wata? Haka ta yi da takardun shaida da aka ɗauka a hoto, da rasidai, da hotunan da suka yi duhu. Da a ce na danna share ba tare da na duba ba, da garin gyaran gira an rasa ido. Wanda tarinsa ya ƙunshi fasfo da takardu da yawa, ko dai ya ware su gefe, ko ya ɗaga girman dangwalen zuwa 16 sau 16, ya kuma tsuke ma'auni.

Inda take gazawa ta ɗaya ɓangaren shi ne datsa da juyi. A yanke rabin hoto, ko a kifa shi dama ta koma hagu, ko a kewaye shi da furanni da rubutun "Allah ya ba da zaman lafiya", inuwar ta sauya, ba za ta gane shi ba. Na kalandar nan ya tsere mata.

Masu duban abin da ke cikin hoto

Don irin na kalanda ne aka yi hanya ta uku, kuma kashi biyu ce. Tsohuwar ita ce neman alamomi a jikin hoto, kamar kusurwar zannar bukar ko ƙarshen aikin wuyan babbar riga, a nemi waɗannan alamomin a wani hoton ko da an karkata shi ko an yanke. SIFT, ta David Lowe, ita ce uwa a nan tun 1999, kuma haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2020, kowa na iya amfani da ita. Tana da ƙwarewa, sai dai kwatanta kowane hoto da kowanne ta wannan hanya aiki ne mai cin lokaci. An fi amfani da ita wajen tabbatar da 'yan kaɗan da wata hanyar ta riga ta zarga.

Sabuwar ita ce ƙirƙirarriyar basira. Manhaja irin CLIP, wadda OpenAI ta fitar a 2021, tana duban hoto ta siffanta shi da jerin lambobi, 512 a samfurinta da aka fi yawan amfani da shi. Hotunan da lambobinsu suka kusanci juna su ne masu kama. Wannan tana kama datsattse, tana kama kifaffe, har da 'yan uwan juna da aka ɗauka a jere. Sai dai ƙarfinta shi ne kuma aibinta, domin ma'ana take kallo. Amarya a cikin jan mayafi zaune kan kujera a wajen kamu, a wurinta, tana kama da kowace amarya mai jan mayafi. Ƙawaye cikin anko kuwa sai dai a yi haƙuri. Shi ya sa Meta ta horar da wata daban mai suna SSCD a 2022 musamman don gane kwafi, ba kama kawai ba.

Sannan akwai tsada. Dangwalen kama na hoto miliyan 1 bai wuce megabait 8 ba. Lambobin CLIP na hoto miliyan 1 sun kai kimanin gigabait 2. Fitar da su yana son kwamfuta mai katin girafik, wato na'urar da ke saurin lissafin hotuna, in ba haka ba a kwana ana jira, kuma ana buƙatar wanda ya iya rubuta 'yar manhaja da harshen kwamfuta na Python. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Batun yawa

Mutane sukan tsorata da lissafin nan, kuma yana da ban tsoro a takarda. Hoto 100,000 in za a gwada kowanne da kowanne, gwaji kusan biliyan 5 ne. Hoto miliyan 1, kusan biliyan 500. Amma gwada jeri 64 da wani 64 abu ne da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido, kuma akwai dabarun rage gwajin, kamar tsarin reshe-reshe da Burkhard da Keller suka kawo a 1973, ko FAISS da Facebook ta saki a 2017 don lambobin ƙirƙirarriyar basira. Abin da ke cin lokaci da gaske shi ne buɗe kowane hoto daga faifai. Tsohon faifai mai juyawa da aka jona ta USB yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, wato terabait 2 zai ci fiye da awa 5 kafin a ce an yi wani lissafi. Saboda haka tambayar da zan fara yi wa kowace manhaja ita ce: tana ajiye dangwalen da ta riga ta fitar, ko kullum sai ta faro daga farko? Mu dai mun koyi raba aikin faifai-faifai, bayan da aka ɗauke wuta ana tsakiyar na uku, batirin kwamfutar ya mutu.

Manhajojin da ke hannu

Wanda ba ya rubuta manhaja, uku ne zan sa masa a gaba, dukkansu kyauta, dukkansu suna aiki ba tare da intanet ba.

Czkawka, sunan daga harshen ƙasar Poland yake, ma'anarsa shaƙuwa. An rubuta ta da harshen Rust, tana da sauri sosai, tana yin hanya ta farko da ta biyu duka, tana ajiye abin da ta lissafa, tana kuma barinka ka zaɓi girman dangwale da tsananin ma'auni. Fuskarta ba ta da kyan gani, kuma zaɓuɓɓukanta na iya rikita sabon shiga. Ita na yi amfani da ita a shagon Kawu, ita kuma zan sake ɗauka gobe.

dupeGuru ta fi sauƙin fahimta. Tana raba hoto gida 15 sau 15 tana kwatanta launin kowane gida. Ta fi jinkiri in hotuna sun yi yawa. Akwai wani ɗan akwati a saitinta na kwatanta hotuna masu girma daban, wanda in ba ka kunna shi ba kwafin WhatsApp duk za su wuce ta gabanta ba ta gani ba.

digiKam kuwa gida ce sukutum ta tsara hotuna, neman maimaici ɗaki ɗaya ne a cikinta. Sai ta fara gina dangwalen duk tarin kafin ta nema. Ta dace da wanda yake son ya ci gaba da zama a cikinta, yana saka suna da shekara da wuri, kuma tana karanta ɗanyen hoton kyamara, wato wanda kyamara ta ajiye ba ta sarrafa shi ba, irin CR2 na Canon da NEF na Nikon. In share fage kawai kake so na rana ɗaya, ta yi maka nauyi.

Na waya fa? iPhone tana da kundin masu maimaici tun iOS 16 a 2022, Files by Google kuma tana nuna tagwayen fayil a Android. Sun wadatar ga mai waya ɗaya. Lightroom, manhajar tsara hotuna da gyara su, tana da zaɓin hana shigo da abin da take zargin kwafi ne, amma suna da lokacin ɗauka da nauyi take dubawa, rigakafi ne ba magani ba. Loda komai a intanet don a tace maka kuwa ban ba da shawararsa ga mai shago ba. Google Photos ta daina ajiya kyauta marar iyaka tun 1 ga Yunin 2021, gigabait 15 ne kyauta, ga kuɗin data. Abin da ya fi wannan ma, faifan mai hoto cike yake da hotunan matan mutane a wajen lalle da kamu, wasu ko mayafi babu. Amana ce aka ba shi, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

To wa zai ɗauki wanne?

In matsalarka ita ce ka yi ta kwafe folda daga faifai zuwa faifai don tsoron asara, hanya ta farko kaɗai za ta dawo maka da mafi yawan wurin, ba tare da haɗari ba. Mai shagon hoto, ko sakataren ƙungiya, ko ma'aikacin ofis da hotunan taro ke shigo masa ta WhatsApp daga mutum goma, ya yi ta farko sannan ya bi da ta biyu, kamar mai tankaɗe da ke fara da rariya mai manyan ido. Ta uku ta gidan jarida ce, ko gidan adana tarihi, ko mai kasuwar intanet da ake sace masa hotunan kaya ana datsewa, ko mai tara hotuna don horar da manhaja, inda kwafin da ya ɓuya tsakanin na koyo da na jarrabawa ke sa sakamako ya yi kyan ƙarya. Su ma ta farko da ta biyu ya kamata su fara yi, don rage wa mai tsadar kaya.

Saura abin da ba manhajar da za ta yanke maka: wanne za a bari. Kada ka yarda da "bar mafi sabo", domin sau da yawa mafi sabon shi ne ragaggen da ya dawo daga WhatsApp. A bar mai yawan ɗigo, mai bayanan kyamara a cikinsa. Czkawka da dupeGuru duka suna ba ka damar ayyana wata folda a matsayin uwa, wadda ba za a taɓa komai a cikinta ba, sai dai a gwada sauran da ita. Ɗanyen hoto da JPEG ɗinsa ba maimaici ba ne, kowanne da aikinsa. Haka kuma kwafin da ka ajiye da gangan a faifai na biyu don ranar tsautsayi, kada ka haɗa shi cikin binciken, in ba haka ba za ka share garkuwarka da hannunka.

A shagon Kawu ban share ko ɗaya ba. Na buɗe folda na sa mata suna "Keɓe", duk abin da aka zarga na tura shi can, muka yi alƙawarin sai bayan wata 3 in ba wanda ya zo nema. Tagwayen haƙiƙa ban ko duba su ba. Na hanya ta biyu kuwa mun yi yammaci uku muna bi rukuni-rukuni, shi da tabarau da kofin shayi, ni da linzami. Da muka iso kan hoton nan na bakwai, wanda mahaifin Hajiya ya juyar da kai, na ce, "Kawu, wannan fa? Kusan ɗaya ne da na farko."

Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "A'a, bar shi. A nan yana kallon 'yarsa ne. Wanko min shi babba, gobe in aika mata."